Kurakuran da baƙi suka fi yi idan sun zo yawon buɗe ido Jos

Duk ƙarshen shekara gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. 'Yan'uwa daga Kano, Zariya da Gusau sukan zo shan iskar Jos, kuma ni ake ɗora wa zagayawa da su gari. Na daɗe ina wannan rakiya, kuma abin da na lura shi ne inda na bara ya yi tuntuɓe, nan na bana ma yake yi.

Tun daga haɗa jaka ake fara kuskure. Jos a kan tudu take, sama da mita 1,200 daga saman teku, sanyinta na Disamba da Janairu ba irin wanda aka saba da shi a Kano ba ne. Wata shekara kawuna ya zo da shadda kala uku, ko rigar sanyi ɗaya babu. Da asuba ya tsoma hannu a bokiti zai yi alwala, sai na ji ya ce, "Ɗana, a taimaka a ɗora mini ruwa a wuta." Kwana biyu ya yi yana fama da mura, fitar da ya zo dominta ba a yi ta ba. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, safa, hular sanyi ta yara da man shafawa saboda kaushi. In ka manta, 'yan gwanjo suna nan a kasuwar Taminus. Da damina kuwa ruwa yakan sauko ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, don haka fitar safe ta fi.

Sai masu son gama komai a yini ɗaya. Mutum zai ce maka yau yana son ya ga Dutsen Shere, ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, gidan tarihi da Dutsen Wase, gobe ya kama hanya. Wase kaɗai ta fi kilomita 200 daga Jos, tafiyar yini guda ce, in ma ba a kwana ba. Gyaran shi ne a raba wuraren bisa hanyarsu. Duwatsun Riyom da ruwan Assop hanya ɗaya suke, ta Hawan Kibo, wadda ake bi zuwa Abuja. Shere tana gabashin gari, a ba ta safiyarta ita kaɗai. Gidan tarihi da gidan zu kuwa a tsakiyar gari suke, maƙwabtan juna.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi ci mini rai. Iyali za su shiga gidan zu, yara su kalli birai, a ɗauki hoto, a fito a hau mota, gidan tarihi yana gefe ba a ko leƙa shi ba. Alhali shi ne abin zuwa. A 1952 aka buɗe shi ƙarƙashin Bernard Fagg, Baturen da ya tattara kawunan yumɓun nan na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin Kaduna. Shekarunsu sun haura 2,000. Ka tsaya gaban ɗaya ka dubi yadda aka huda ƙwayar idon, da yadda aka zauna aka tsara kitson kan, za ka san magini ne da ya san hannunsa. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na hannu, akwai ɗakin tukwane daga sassan ƙasar nan, akwai kan tsohon jirgin ƙasa na zamanin kuza. In ka ƙara gaba cikin filin, za ka tarar da sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Na taɓa kai goggona, haifaffiyar birnin Zariya. Ta shiga ta ɗaga kai tana kallon bakan gizon ginin da ke riƙe da rufin, ta dafa ginshiƙi ta yi shiru, can ta ce, "Haka na san shi ina yarinya." Mun fi awa guda ba ta yarda mun fita ba. Kada ka zagaya wurin kai kaɗai kana karanta allo. Nemi ma'aikacin da zai yi maka bayani, ka yi ta tambaya, in kun gama ka sallame shi da abin kirki.

Gandun dabbobi na Wildlife, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, wasu sukan zo da tunanin Yankari za su gani, su koma suna ƙorafi. Wuri ne na tafiya a ƙafa cikin itatuwa da duwatsu. A je da safe kafin dabbobin su laɓe wa rana, kuma a hana yara tsokanarsu da kara ko miƙa musu biskit.

Yanzu maganar ruwa, wadda nake roƙon a saurare ni da kyau. Duk inda ka bi a Rayfield, Bukuru ko Barikin Ladi za ka ga tafkuna kwance luf, gwanin sha'awa. Yawancinsu ramukan kuza ne da aka bari ruwa ya cika. Ba su da gaɓa mai gangare irin ta kogi: taku biyu daga baki sai zurfi, ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan kuma sanyi ƙarara, yakan ɗaure wa mutum jijiya. An sha rasa rayuka a cikinsu, har da waɗanda suka iya iyo a kogin garinsu. Kada a shiga, kada a bar yaro ya matsa baki wanke ƙafa. In za a hau kwalekwale a wurin shaƙatawa na Rayfield, a nemi rigar da ke hana nutsewa kafin a biya kuɗi, in babu a haƙura. A Assop kuma duwatsun ne ke da gansakuka, santsi kamar an shafa karkashi, kuma matasa sun fi zamewa a lokacin da suke ja da baya suna neman hoto ya yi kyau. Ruwan yakan ƙaru farat ɗaya idan an yi sama a can tudu, ko da inda kake rana ake yi. Ya fi kyan kallo a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba. Mai zuwa tsakiyar rani kada ya yi mamaki in ya tarar ya ja baya.

Shere ta haura mita 1,800 daga saman teku, amma sai ka ga an zo hawanta da silifas, ko da takalmin biki. A sa kambas, a ɗauki ruwan sha, a tafi da ɗan gari da ya san hanya, domin hazo yakan rufe dutsen, saukowa kuma ta fi hawa wuya.

A Riyom, duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu suna kusa da gonaki da gidajen mutane. Ba daidai ba ne a faka mota a ratsa gonar acca ko dankali ba ko sallama. Gaida mutanen da ka tarar, da Hausa za su amsa maka, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Shingen ƙerana da ke kewaye da gonakin kuma a ja wa yara kunne, kada su karya, farin ruwanta yana ƙona ido.

Batun tsaro, baƙi kashi biyu ne. Wani tsoro ya hana shi fita ƙofar gida, wani kuma ya ɗauki mota ya nausa ƙauye don waya ta nuna masa hanya. Duka biyun kuskure ne. Da ɗan gari akan ci gari: tambayi mai masaukinka halin da hanya take ciki a ranar, ba labarin bara ba. Ku dawo cikin gari kafin magariba, a riƙe katin shaida, kada a ɗaga waya a shingen jami'an tsaro. A riƙe tsabar kuɗi ma, don sabis yakan ɗauke a bayan gari, tiransifa ta ƙi tafiya.

Tsaraba kuma kada a saye ta ranar isowa. Kabeji, karas, koren wake da dankalin Turawa sun fi sauƙi a kasuwar Farin Gada, a je da sassafe ranar komawa. Acca ba ta lalacewa, ko yaushe aka saya daidai ne. Sitiroberi ne ba ya jure zafi ko danniya: a saye shi a ƙarshe, a riƙe robar a cikin mota inda iska ke shiga, kada a tura shi but ƙarƙashin buhun dankali.