Yadda ake tantance babbar lamba: gwaji da 46,368

Yawancin abin da za ka sani game da babbar lamba yana cikin lambobin tushe da suka haɗa ta, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7. Saboda haka farfasa ta shi ne aikin farko. Mu ɗauki 46,368.

Duba alƙalamin ƙarshe: 8 ne, ke nan lambar cika ce, ba mara ba. Yi ta raba ta biyu har ta ƙi: 23,184, 11,592, 5,796, 2,898, 1,449. Sau biyar ke nan. Sai ka tara alƙaluman 1,449, za ka samu 18, wanda 9 ke rabawa, don haka 3 za ta shiga sau biyu: 483, sannan 161.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. 161 tana da kamannin lambar tushe, mutane sukan ajiye biro a kanta. Gwada ta tukuna. Tunda 13 sau 13 ya ba da 169, ya wuce ta, kuma an gama da 2 da 3, to 5 da 7 da 11 kaɗai za ka gwada, kuma 7 sau 23 daidai 161 ne. Ke nan a lambarmu 2 ta fito sau biyar, 3 sau biyu, 7 sau ɗaya, 23 sau ɗaya. Ninka su baya ka tabbatar: 32 × 9 × 7 × 23.

Yawan lambobin da ke raba ta ba saura: ƙara 1 a kan yawan fitowar kowane tushe, ka ninka. 6 × 3 × 2 × 2 ya ba da 72. Wanda ya manta ƙara ɗayan nan 10 zai samu.

Jimillarsu kuma ba sai ka jera duka 72 ba. Na 2: tara 1, 2, 4, 8, 16, 32, ka samu 63. Na 3: 1, 3, 9, ka samu 13. Na 7: 1 da 7, ka samu 8; na 23: 1 da 23, ka samu 24. Ninka huɗun, 157,248. Ɗebe ita lambar, saura 110,880. Tunda ya fi 46,368, ana kiranta mai yalwa. Da ya gaza, mai giɓi ce. Da ya zo daidai, kammalalliya ce kamar 6, 28, 496 da 8,128.

Ba murabba'i ba ce (wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta), domin tana tsakanin 215 × 215 (46,225) da 216 × 216 (46,656). Hattara kuma: alƙalumanta sun taru 27, amma 27 ba ta raba ta, domin 3 sau biyu kawai ta fito a cikinta. Dabarar tara alƙaluma ta 3 da 9 ce kaɗai.

Tana kuma cikin jerin Fibonachi, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce: 17,711 da 28,657 suka haifar da ita, ita ce ta 24 a jerin.