Kurakuran da ke kashe kayan aikin lambu tun kwanansu bai ƙare ba

Yawancin fartanyar da ta lalace, ajiya ce ta cinye ta, ba aiki ba. An tashi daga lambu da yamma a gajiye, sai a jingine ta a gindin bishiya da laka a bakinta. Lakar fadama tana riƙe danshi, ta kwana tana cin ƙarfe, kafin mako ya zagayo bakin ya yi ja da tsatsa. Gyaran bai kai minti biyar ba: a kankare lakar da ɗan itace, a ɗauraye, a goge da tsumma har ƙarfen ya bushe. Wanda ya wanke bai busar ba, bai yi komai ba. Idan tsatsa ta riga ta kama, a shafa ruwan lemun tsami, a bar shi kamar awa guda, a dirje da soson ƙarfe ko samfefa, a ɗauraye, a busar, sannan a shafa mai.

Wajen man ma ana kuskure. Baƙin mai da aka juye daga inji shi aka fi amfani da shi don yana da araha, amma dattin injin da ke cikinsa yana bin fartanya ya shiga ƙasar da ake shuka latas da tumatir. Man gyaɗa ko man ja ya isa, a ɗiga a tsumma a shafa sama-sama. In aka lafta, ƙura ce za ta manne ya yi danƙo.

Sai ƙota. Da ta fara girgiɗi, abin da aka saba shi ne a tsoma ta a ruwa ta kwana. Itacen zai kumbura ya kama ƙarfen, wannan gaskiya ne, amma da ya bushe sai ya ƙara sakewa fiye da da, musamman da hunturu. Gatarin da ake wa haka wata rana kansa zai fita ya sari na kusa. A buga masa ɗan busasshen itace a matse shi, ko a kai wa maƙeri ya sake ƙota. A riƙa shafa wa ƙotar man kaɗanya sau biyu ko uku a shekara don kada ta tsage, kuma a rataye kayan a jikin bango: itacen da ya kwana a ƙasa rabon gara ne.

Wasa baki kuwa, magagari gaba kawai yake ci. Masu goga shi gaba da baya kamar zarto suna kashe haƙoransa ne. A tura daga jiki zuwa waje, a ɗaga, a sake, ana bin gangaren da maƙeri ya yi wa bakin. Almakashin sassabe gefe ɗaya ake wasa masa, gefen da ke da gangare. In aka taɓa shimfiɗaɗɗen gefen, sai ya koma tauna reshe maimakon yanka.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wuƙa tana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. An yanke tumatirin da ya yanƙwane, an wuce da wuƙar kan mai lafiya. A haɗa ruwan bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a tsoma bakin na minti 5 zuwa 10, a ɗauraye sosai don bilic ma yana cin ƙarfe. Haɗin jiya ba ya aiki yau.

Safar hannu kuma kowace da aikinta. Ta yadi da ta fata don ƙaya ne da kantar hannu, ba don feshi ba: suna shanye maganin ƙwari su riƙe shi a jikin fata duk yini, gumi na ƙara tura shi. Feshi sai safar roba mai kauri, doguwa har ta wuce wuyan hannu. A wanke ta da sabulu tun tana hannu, kafin a cire, in ba haka ba yatsun da suka zare ta sun kwashi gubar. A cika ta da ruwa a matsa; in ta ɗiga ko da ɗigo ɗaya ne, a yar. Kada a wanke ta tare da kayan yara, kada kuma a shanya ta a rana, roba tsagewa take yi.

Ta fata ba a jiƙa ta, ba a gasa ta a bakin murhu, sai ta ƙandare kamar kilishi. A karkaɗe ƙasar, a goge da tsumma mai ɗan danshi, ta sha iska a inuwa, a murza mata man kaɗanya kaɗan. Ta yadi a wanke, a juya cikinta waje ta bushe. Duk wadda ta kwana a rumfar lambu, a zazzage ta kafin a zura hannu, don kunama na son irin wannan wuri.