Kurakuran da aka fi yi wajen girka Apache da MySQL a sabar haya

Mafi yawan matasan da ke kawo mini matsalar saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) a nan Gusau ɗalibai ne masu aikin kammala karatu, sai kuma masu haɗa wa makarantun kuɗi shafin duba sakamako. Kusan duk hali ɗaya gare su: da zarar shafi ya ƙi buɗewa, sai su goge komai su sake girkawa. Data ta ƙare, dare ya raba, matsalar kuwa tana nan daram. Alhali saba ba ta ɓoye ciwonta, tana rubuta shi. A Ubuntu, na Apache (manhajar da ke miƙa shafi ga masu ziyara) yana cikin /var/log/apache2/error.log, na MySQL (manhajar rumbun bayanai) yana /var/log/mysql/error.log. Ka fara karanta layukan ƙarshe kafin ka taɓa komai.

In ka ga "Address already in use", to wani ya riga Apache kama ƙofa (port) ta 80, wadda masu ziyarar shafi ke shigowa ta cikinta, galibi Nginx ne, mai irin aikin Apache, da ka girka jiya ka manta da shi. Buga sudo ss -tlnp ka ga mai riƙe da ita, ka tsayar da ɗaya.

Katangar tsaro ma tana kayar da mutane. Wanda ya kunna katangar ufw bai buɗe ƙofa ta 22 ba, wato ta SSH da ake shiga saba daga nesa, kamar wanda ya datse ɗakinsa ne makulli na ciki. Fara da sudo ufw allow OpenSSH, ka buɗe 80 da 443 na masu ziyarar shafi, sannan ka kunna. In aikin gama ya riga ya gama, shiga ta allon gaggawa da ke shafin kamfanin da ya ba ka haya. Ita kuwa 3306 ta MySQL, bar ta a rufe.

Akwai wanda ya fi shafar mu a nan. Kana tsakiyar girki sai sabis ya ɗauke, ko wuta ta tafi batirin kwamfuta ya mutu, SSH ya yanke, aiki ya tsaya rabi da rabi. Maganinsa sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt -f install. Amma don Allah ka saba shiga tmux, manhajar da ke riƙe aikinka a kan saba, kafin dogon aiki. Ko layinka ya yanke, girkin na ci gaba a can, ka dawo ka iske shi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne MySQL mai mutuwa da kanta. Saboda tsadar dala, kowa ƙaramar saba yake kamawa, mai RAM 512MB ko 1GB. Ranar da aka saki sakamako, iyaye suka yi ca a kan shafin, ƙwaƙwalwa ta cika, sai Linux ta kashe wanda ya fi ci, wato MySQL. Mai shafi yana ta zargin masu kutse, ga "Out of memory" a rubuce in ya buga sudo dmesg. Ka yi fayil ɗin swap na 1GB, wanda ke agaza wa RAM in ta cika, ka sa shi a /etc/fstab don kada ya ɓace in an sake kunna saba, ka kuma rage yawan ma'aikatan Apache (workers) a saitinsa.

"Access denied" ga root, babban mai amfani na MySQL, a Ubuntu ba lalacewa ba ce. Shiga da sudo mysql, ka buɗe wa shafinka mai amfani nasa daban. Kuma chmod 777, wato ba kowa izinin karantawa da sauya fayil, ba gyara ba ne, sakin gida ne ga kowa. 755 ga folda, 644 ga fayil, inda shafi zai yi rubutu ka mallaka wa www-data, mai amfanin da Apache ke aiki da sunansa.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. In rumbun bayanai yana kan tsarin haruffa na latin1, Ƙaura Namoda za ta fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, haka sunan duk wani Ɗanladi a rajista. Tun ranar farko ka ƙirƙiri rumbun da utf8mb4, ka sa haɗin PHP (harshen da aka rubuta shafin da shi) da rumbun ma a kansa. Sunan da ya riga ya shiga da alamar tambaya ba ya gyaruwa da sauya saiti, sai an ɗauko rajistar makaranta an sake shigar da shi da hannu.