Yadda Ake Tsayar da Sabis ɗin Bayanai na Cibiyar Grid Daram

Cibiyar grid (haɗakar kwamfutocin cibiyoyi daban-daban da ke raba aikin lissafi) na iya samun ɗaruruwan kwamfutoci lafiya lau, amma da zarar sabis ɗin bayananta, wato BDII, ya yi shiru, sauran duniya sai ta ɗauka an rufe ta. Shi ne ke sanar da injunan da kuke da su, wurin ajiyar da ya rage, da yawan ayyukan da ke jiran layi. Da shi aka daɗe ana aiki a grid ɗin CERN (cibiyar binciken kimiyyar nukiliya ta Turai), mai cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da 40. 'Yan'uwa masu kula da ɗakunan saba a nan Kumasi, musamman waɗanda ke kan layin GARNET (hanyar sadarwar jami'o'i da cibiyoyin bincike ta Ghana) kuma suke da niyyar shiga irin wannan haɗaka, ga yadda ake yi.

Da farko ka ware masa injinsa shi kaɗai. Kada ka cusa shi cikin injin da ke karɓar ayyuka don tsimin kuɗi. Ranar da ayyuka suka yi ambaliya, ranar ce zai kasa amsa tambaya, alhali a lokacin aka fi buƙatarsa.

Sai ka yi masa ɗan'uwa. Injuna biyu, suna ɗaya a DNS (tsarin da ke haɗa suna da adireshin inji), kowane a kan layin wuta daban da UPS ɗinsa. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma a kula: DNS ba ya sanin wanda ya mutu, zai ci gaba da tura rabin masu tambaya wurin gawa. Dole a sa abin da zai cire shi daga jerin nan take.

Na uku, buɗe /etc/sysconfig/bdii ka mayar da BDII_RAM_DISK zuwa yes, don rumbun bayanansa ya zauna a RAM maimakon faifai. Rumbun nan, wanda manhajar OpenLDAP ke riƙewa, ana sake rubuta shi ba dare ba rana, faifai kuwa yana jan ƙafa. In wuta ta ɗauke ba asara, yana sake tattaro komai da kansa.

Inda na fi so a tsaya shi ne ƙananan manhajojin da ke kawo masa labari daga kowane sabis. A nan yawancin ciwon yake. Ɗaya ta maƙale tana jiran mai rabon ayyuka, sai duk zagayen ya tsaya. Ka gudanar da kowace da hannunka ka ga daƙiƙa nawa take ci, sannan ka daidaita BDII_READ_TIMEOUT (iyakar lokacin jiran amsa) a /etc/bdii/bdii.conf da abin da ka gani. Ka kuma ba BDII_DELETE_DELAY (jinkiri kafin a goge bayani) ɗan lokaci, don kada katsewar intanet ta minti biyu ta shafe sabis daga jeri. Kada dai ka zarce, domin tsohon labari yana jawo muku ayyukan da ba za ku iya yi ba.

Daga nan sai sa ido, kuma daga wajen cibiya. Ka nemi abokin aiki a Accra, ko ka sa manhajar sa ido ta Nagios a wani wuri, ya riƙa aika tambaya da umarnin ldapsearch zuwa ƙofa ta 2170, a rassan bayanai biyu, o=grid da kuma o=glue. Amsawa kawai ba ta wadatar ba, a duba abin da ke ciki. In ka ga ayyukan da ke jira sun zama 444444, ba cunkoso ba ne, alama ce cewa manhajar da ke ƙirga su ta faɗi, kuma babu mai turo muku aiki sai an gyara. Buɗe /var/log/bdii/bdii-update.log, yawanci sunan wadda ta gaza yana nan tare da lokacin da ta fara.