Darasi na 9: Yanka da Huda Kayan Babur na Kabon a Gida

Wanda ya shiga Kano sayen kayan babur, ko ya zaga rumfunan masu kayan gyara a Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa ganin madigadi da murfin gefe baƙaƙe masu ƙyalli ba, da zane a jikinsu irin na saƙa. Samari suna rububinsu, suna ce musu kabon. Sai an zo gida a tarar ramin noti bai zo daidai da na Boxer ko Jincheng ba, ko bakin madigadin yana gugar taya. Dole a rage, dole a huda. A nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Kabon zare ne, siririn gaske, bai kai kaurin gashin kai ba. Ana saƙa shi, a jera saƙar hawa-hawa, a jiƙa da gam mai ƙarfi, a matse har ya daskare. A Amurka aka fara samar da zaren mai ƙarfi a 1958, daga baya Japan da Ingila suka inganta shi. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, shi ya sa masu ƙera jiragen sama da baburan tsere suke ji da shi. Ka ɗauke shi kamar tabarmi uku ko huɗu da aka shimfiɗa kan juna aka manne. In ka yanka tabarma da garaje, bakinta zai warware. Haka kabon yake: ba ya lanƙwasa, ba ya lotsawa, sai dai hawansa su rabu da juna, kuma in sun rabu ba walda, ba bugun guduma.

Kafin komai, juya kayan ka dubi bayansa. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan kabon roba ce zalla, an manna mata hoton saƙa a fuska. In bayan sumul ne babu zare, kuma abin yana lanƙwasuwa a hannu cikin sauƙi, roba ce. Wannan ba ta da wahala, yanka ta a hankali kada ta narke, shi ke nan. Na gaskiya kuwa ana ganin zaren a baya ko a bakinsa, yana da tauri, kuma in ka ƙwanƙwasa shi da farce ƙararsa a bushe take fita.

Ƙura

Mu daɗe a nan kaɗan, don ƙurar ta fi zarton haɗari. Baƙa ce, laushi gare ta a ido, amma gutsattsarin zare ne masu tsini. In ta hau fata sai ƙaiƙayi, in ta shiga ido sai ja da hawaye, in ta shiga ƙirji sai tari. Saboda haka ba a wannan aiki a tsakar gida inda ake girki da shanyar hatsi, yara suna rarrafe. Fita waje, ka nemi inuwa nesa da randa da turken dabbobi, ka ba iska baya. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ta ko'ina, haƙura sai ta lafa.

Sa takunkumin ƙura mai kama hanci sosai, ba bakin rawani ba. Sa tabarau, da riga mai dogon hannu. Shimfiɗa tsohon buhu ka yayyafa masa ruwa, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa, kana yi kana goge wurin. Kada ka hure ƙurar da baki, kada ka share da tsintsiya.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: wutar lantarki tana bi ta cikin ƙurar kabon. In ta shiga cikin janareta, ko rediyo, ko wayoyin babur, tana iya haɗa wuta ta ƙona su. Cire kayan daga jikin babur kafin ka taɓa shi, ka matsar da babur ɗin da wayarka gefe.

Yanka

Manna salatif na takarda a inda za ka yanka, gaba da baya, ka ja layi a kansa da biro. Salatif ɗin ne ke riƙe zaren fuska. Nemi zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, wanda aka rubuta 32 a jikinsa. Zarton kafinta ba ya yi, fizgar zaren yake. Ɗora kayan a kan katako, fuskar mai ƙyalli tana sama, wani ya danne maka. Yanka a gefen layi, ka bar ɗan ƙari, ba a kan layin daidai ba. Kada ka danna, bar zarton ya ci da kansa. Ragowar sai ka cinye da sanfefa jiƙaƙƙiya, kana gogawa tare da tsawon bakin.

Injin yankan ƙarfe na masu walda yana yanka shi nan take, amma yana tada ƙura mai yawa, zafinsa kuma yana lalata gam. A gida, zarto ya fi.

Huda

Rami ba ya ɓaci a wurin shiga, a wurin fita yake ɓaci. Lokacin da bakin injin huda ya kusa ɓullewa, hawan ƙarshe ba shi da abin da ya tokare shi, sai ya ɓalle ya tsage. Maganinsa guntun katako: matse shi a bayan kayan sosai, ka huda har cikin katakon. Fara da ƙaramin baki, mai milimita 3, sannan ka faɗaɗa. Bakin ya zama sabo, don kabon yana dakusar da ƙarfe da wuri. Da ka ji ya kusa fita, sassauta hannu. Kada a kuskura a buga ƙusa don buɗe hanya, kuma ƙarfe mai zafi da ake huda roba da shi ba ya aiki a nan. In injinka na wutar lantarki ne, tsame hannu daga ruwa, ka bushe wurin tukuna.

Bakanike yakan ce wa yaronsa, "Kai, matsar da ramin nan ciki, ya yi baki da yawa." Gaskiyarsa. Daga tsakiyar rami zuwa bakin kayan a bar ninki uku na faɗin ramin. Notin da sifana lamba 10 ke ɗaurewa kaurinsa milimita 6 ne, sai ka bar milimita 18.

In an gama, shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, ko sufa gulu, a bakin da aka yanka da cikin ramin, don kada ruwan damina ya ratsa tsakanin hawan. Wajen ɗauri sa washa mai faɗi da ta roba, ka ɗaure har ya kama, ka tsaya. In ka ji ƙas, ka wuce gona da iri. Kabon kuma ba ya shiri da alminiyom idan akwai danshi, cin sa yake, washar roba ce ke raba su.

Madigadi, murfin gefe da murfin sarƙa ne kawai na aikin gida. Duk abin da ke ɗauke da nauyi ko tsare rai, kamar kan babur da hular kwano, ba a huda shi ko da rami ɗaya.

Naɗe buhun da tsumman ka sa a leda ka ɗaure, kada a jefa a murhu. Wanke hannu da ruwan sanyi da sabulu kafin cin abinci, rigar kuma a wanke ta ita kaɗai.

Aiki

1. Rubuta hanyoyi biyu na gane kabon na gaskiya.
2. Me ya sa ake sa katako a baya kafin a huda?
3. In faɗin rami milimita 8 ne, milimita nawa za a bari zuwa baki?

Kowa ya zo aji na gaba da fasasshen madigadi ko murfin gefe, da ruler, da biro. Malami zai kawo salatif da zarto.