Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yaran firamare tatsuniyoyin Girka

Ranar da na fara kawo wa 'yan aji huɗu tatsuniyoyin Girka, allo na cika da sunayen ababen bautar Girkawa goma sha biyu: Zeyus, Hera, Fosaidon, Atena, Afolo, har zuwa ƙarshe, kowane suna da aikinsa a gefe. Yara suka kwafa, suka haddace. Da mako ya zagayo na tambaya, sai ga sunaye sun cakuɗe, na teku ya koma na yaƙi. Mafi yawanmu da wannan kuskuren muke farawa, mu mai da tatsuniya jadawalin hadda. Alhali tun asali da baki aka riƙa ba da labaran nan, mawaƙa na rera su a gaban jama'a kafin a kai ga rubutawa.

Gyaran shi ne a ajiye alli a fara da labari ɗaya. Ni da na jarumi Odisiyus da ƙato mai ido ɗaya nake buɗewa. Ya shiga kogo da mutanensa goma sha biyu, ƙaton ya dawo da garkensa ya toshe ƙofa da dutsen da shi kaɗai ke iya ture shi, ya kama cinye su bibbiyu. Da ya tambayi sunan baƙon, Odisiyus ya ce, "Sunana Ba-kowa." Bayan sun tsokane masa ido da ƙiraren zaitun da suka feƙe, ya yi ta kururuwa, 'yan'uwansa suka taru a waje suna tambayar wa ya taɓa shi, ya ce, "Ba-kowa!" Suka watse. A nan nake dakatawa in ce, "To, dutse na nan a bakin kogo. Ta yaya za su fita?" Wata yarinya ta ce su haƙa rami, wani yaro ya ce su yi likimo kamar sun mutu. Sai bayan sun gama gardama nake faɗa musu cewa ƙarƙashin cikin raguna suka maƙale, ƙaton na shafa bayan dabbobin suna wucewa. Sunan Fosaidon kuwa da kansa yake shigowa, domin shi ne uban ƙaton, kuma fushinsa ya ƙara wa Odisiyus shekarun wahala a teku. Yaron da ya ji haka ba ya sake manta wane ne Girkawa suka jingina wa teku.

Kuskuren da ya fi nauyi a wurinmu ya shafi addini, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wata safiya mahaifin wani ɗalibina ya zo makaranta riƙe da littafin ɗansa. Bayan mun gaisa ya buɗe shafi ya ce, "Malam, mene ne wannan? Yaro ya zo gida yana cewa akwai allan teku." Na ce, "Alhaji, kana da gaskiya, ban shimfiɗa musu bayani yadda ya kamata ba." Na rubuta "allan teku" tsurarsa, ban ce a wurin wa ba. Yaro ɗan shekara tara yana ɗaukar duk abin da malam ya rubuta a allo da nauyi iri ɗaya, da lissafi da labari.

Tun daga ranar ba na fara darasi sai na ce: waɗannan labarai ne na mutanen da suka rayu shekaru sama da dubu biyu da suka wuce, suna bautar abubuwa da yawa, muna karanta su ne don mu san yadda suka yi tunani. A cikin labarin ma ina yawan maimaita "Girkawan dā sun ce", a rubuce kuma "abin bautar Girkawa" nake sawa. A farkon zango a aika wa iyaye 'yar takarda mai ɗauke da labaran da za a karanta, wanda ke da tambaya ya zo a zauna. In za a yi wasan kwaikwayo, a kwaikwayi tafiyar jirgi ko fita daga kogo, kada a sa ɗan kowa ya durƙusa yana roƙon Zeyus da sunan wasa.

Wasu malaman kuma gudun rigima ne ke sa su ce Zeyus wani sarki ne kawai. Ban yarda da wannan ba, ɓoye gaskiya ne, kuma yaron zai gano a gaba. Haka masu cewa abin bautarsu mai suna Hadis shi ne Shaiɗan. A labaran Girkawa ɗan'uwan Zeyus ne da rabon duniyar matattu ya faɗo wa, kuma nagari da mugu duk can suke zuwa. Cusa ma'anonin addininmu a cikin nasu yana rikita wa yaro duka biyun.

Sai buɗe waya a gaban aji ana karanta labarin da ba a taɓa dubawa ba. Ba don yara aka tsara labaran nan ba. Akwai Kuronos mai haɗiye 'ya'yansa, akwai Midiya da ta kashe nata, ga neme-nemen matan Zeyus da ba su da iyaka. A karanta a gida tukuna. Na Midas, wanda ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinariya har abinci ya gagare shi ci, ya dace da 'yan aji uku. Haka na yadda Atena ta samu birnin Atina da kyautar itacen zaitun. Tsallake abin da ya fi ƙarfin yaro ba laifi ba ne, sauya labarin ne matsala. Akwai fim ɗin katun da ya mai da Hera mahaifiyar Harkulis mai ƙaunarsa, alhali a asali matar ubansa ce, ita ce babbar maƙiyiyarsa, uwarsa kuwa 'yar'adam ce mai suna Alkimini.

Sunan Harkulis ma na Rumawa ne, Girkawa Herakilis suke cewa. Malami kan ce Zeyus yau, gobe ya ce Jufita, yara su zaci mutum biyu ne. A riƙe na Girka har a gama. Daga baya a ware rana ɗaya a nuna musu cewa sunayen Rumawan ne ke kan duniyoyin da suke karantawa a darasin kimiyya: Jufita, Mas, Binas, Naftun.

Kada kuma a ce wa yaro "ba haka labarin yake ba" don ya zo da wata ruwaya daga littafin yayarsa. Babu littafi guda da ya tattara su. Waƙoƙin Homa, wato Iliyad da Odisi, na wajen ƙarni na 8 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hesiyod, wanda ya jero asalin ababen bautar, ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da yawan labaran da ke littattafan yara daga Obid aka kwaso su, shi kuwa Barume ne, ya kammala nasa wajen shekara ta 8 miladiyya. Dokin katakon da mayaƙan Girka suka ɓuya a cikinsa suka ci birnin Turoi ba ya cikin Iliyad, waƙar ta ƙare kafin birnin ya faɗi. Akwatin Fandora ma, matar da aka ce ta buɗe shi masifu suka bazu a duniya, a wurin Hesiyod randa ce, sai a ƙarni na 16 wani masanin Turai mai suna Erasmus ya mai da ita akwati a fassararsa. Faɗa wa yaran da ke shan ruwan randa a gida cewa randa Fandora ta buɗe, ka ga yadda labarin zai matso kusa da su.

Yara za su tambaya ko da gaske an yi, a riƙe taswira a kusa. Dutsen Olimfus yana nan, tsayinsa ya haura mita 2,900, shi ne mafi tsawo a Girka. Kufan da ake ɗauka na Turoi ne yana Hisarlik a Turkiyya, inda Bajamushe Shiliman ya yi tono a shekarun 1870. Wurin gaskiya ne, abin da aka ce ya faru a kansa kuwa labari ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne malamin da zai gabatar da waɗannan a matsayin labaran masu ilimi, ya bar namu a matsayin shirmen tsofaffi. Ɗan da ya san Gizo ya riga ya san rabin halin Odisiyus: wayo, daɗin baki, da cika bakin da ke jawo masa tsiya, domin sai da ya tsira ya hau jirgi sannan ya ɗaga murya ya faɗa wa ƙaton sunansa na gaskiya. Kadmus ya kashe macijin da ke gadin wata maɓuɓɓuga kafin ya kafa birnin Tibis, kuma ba ka rufe baki ba wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamar Bayajidda!" A bar su su jera kamanni da bambanci, amma kada malam ya ce wani daga wani aka ɗauko, kuma ya yi magana da ladabi, domin rijiyar Kusugu na nan a Daura, mutanenta tarihin kakanninsu suka ɗauki labarin.

Daɗin daɗawa, muna saurin rufe kowane labari da "darasin shi ne a bi maganar iyaye". A labarin Ikarus, ubansa Dedalus ya haɗa masa fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma, ya gargaɗe shi kada ya yi sama rana ta narkar da kakin, kada kuma ya yi ƙasa danshin teku ya nauyaya gashin. Rabin gargaɗin na biyu kusan kullum mantawa ake yi da shi. Bara da na karanta musu duka biyun na yi shiru, wata yarinya a bencin baya ta ce, "Malam, to me ya sa babansa bai sa shi a gaba ba, ya riƙa ganinsa?" Muna kan wannan tambayar aka kaɗa ƙararrawar tashi, washegari kuma da ita muka buɗe aji.