Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora murhun bandar nama a kan dandamalin katako

A gida, mai bandar nama ko kifi ba ya damuwa da abin da ke ƙarƙashin murhunsa, don ƙasa ce ko siminti. Garwashi ya faɗo, ya mutu a inda ya faɗi. A Amurka da Kanada kuwa, gidaje da yawa suna da dandamalin katako a baya, wanda suke kira dek, kuma nan ne mutum yake fara tunanin ajiye murhun banda da zarar ya sayo shi, musamman idan Babbar Sallah ta zo an yi layya nama ya taru. Matsalar ita ce wannan murhu ba irin na mai tsire ba ne da za a gasa a tashi. Wutarsa tana ci a hankali, zafin bai cika wuce digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyos ba, amma babban yanka yakan kai awa 10 ko 12 a ciki. Duk tsawon wannan lokaci wuta tana zaune a kan busasshen katako, mai ita kuma ya shiga ɗaki.

Kuskuren farko shi ne matsa murhun jikin bango don kada iska ta dame shi, ko don a riƙa leƙa shi ta tagar kicin. Shawarar da 'yan kwana-kwana suke maimaitawa a can ita ce tazarar ƙafa 10, wato kusan mita 3, daga bangon gida. Bangon gidaje da yawa a can an lulluɓe shi da falankin roba, kuma ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba, hucin kaɗai ya isa ya lanƙwasa shi. Haka shingen katako da ke kewaye da dandamalin, a nisanta da shi. Sannan a ɗaga kai a duba sama: bakin rufi, lema, rumfa, reshen bishiya, ba a son ko ɗaya a saman murhu. Idan ka auna ka ga dandamalinka ba zai ba da wannan tazara ba, ka sauke murhun ƙasa, kan siminti ko tsakuwa. Ni a ganina wannan ne ma ya fi, ko da dandamalin yana da faɗi.

Abin da aka fi rainawa shi ne ƙasan murhun. Mutane suna sayen siririyar tabarmar roba su shimfiɗa, su ɗauka sun gama. Yawancin irin wannan tabarma maiƙo kawai take tarewa, garwashi yana huda ta. Abin da ake bukata shi ne shimfiɗar da ba ta cin wuta: faranti na siminti da aka yi don wannan aiki, ko falalen bulo da aka jera, kuma ta zarce murhun ta kowane gefe, musamman ta bakin da ake zuba gawayi da kwashe toka. Wanda dandamalinsa na katakon roba ne, irin na kamfanin Trex, kada ya ce ya tsira, shi ma zafi yana narkar da shi ya bar tabon da ba ya gyaruwa.

Ni kaina a nan na yi nawa kuskuren. Akwai gwangwanin ƙarfe mai mariƙi da ake hura gawayi a ciki kafin a juye a murhu. Na juye, na dangwarar da gwangwanin a gefe a kan katako, na koma kan nama. Ƙaurin da na ji ba na itacen banda ba ne. Da na ɗaga, sai ga baƙin zobe a jikin falanki, da wani ɗan garwashi da ya maƙale a tsagar da ke tsakanin katako biyu yana hayaƙi, kuma ƙarƙashin dandamalin cike yake da busassun ganyen bara. Na kwarara ruwa har sai da na ga yana zuba ta ƙasa. Tun ranar nake hura gawayi a ƙasa a kan bulo, kuma ina share ganyen saman dandamali da na ƙarƙashinsa kafin in kunna komai.

Toka ma tana yaudara. Ka gan ta fari fat, alhali garwashi yana iya rayuwa a cikinta har kwana 2. Kada a zuba ta a leda, ko kwali, ko kwandon shara na roba. Bokitin ƙarfe mai murfi ake so, a ajiye shi a ƙasa nesa da gida.

Idan ruwan sama ko sanyi ya matsa, kada a ja murhun zuwa gareji ko barandar da aka rufe, ko da ƙofa a buɗe take. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Ko a waje ne, a rufe tagogin da hayaƙi yake dosa.

Sai kitse. Naman rago yana zubar da shi sosai, ya taru a tire mako bayan mako, ranar da ya kama kuwa ba a watsa masa ruwa, don ruwa fantsama wutar yake yi. A rufe murfi, a toshe kafofin iska, wutar za ta shaƙe. A ajiye tukunyar kashe gobara mai alamar ABC inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban murhu ba. Idan ta fi ƙarfinka, a fitar da iyali a kira lambar gaggawa ta 911.

Mai murhun gas ya shafa ruwan sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa. In ya ga kumfa tana tashi, gas na tsiyaya. In wuta ta mutu, a kashe gas, a buɗe murfi, a jira aƙalla minti 5 kafin a sake kunnawa. Mai amfani da lantarki kuma ya sa wayar da aka yi don waje, a soket mai yanke wuta da kansa idan ruwa ya taɓa.

Waɗanda ke haya a bene su karanta takardar hayarsu tukuna. A garuruwa da yawa dokar kashe gobara ta hana kunna gawayi a barandar katako ta gidajen bene masu iyalai da yawa, kuma masu gida sukan rubuta haka a yarjejeniya. Ka tambayi ofishin 'yan kwana-kwana na garinku kafin ka kashe kuɗinka.

Yara kuwa, jikin murhun banda ba ya nuna alamar zafi, ba harshen wuta, sai ɗan siririn hayaƙi, shi ya sa suke kai hannu. A ja musu layi ƙafa 3 daga murhu, da alli ma ya isa, kuma a kulle tayoyinsa don kada wani ya jingina ya gangara.